Iyalin Piccard

Iyalin Piccard zuri'a ce ta masana kimiyya da masu binciken wurare daga ƙasar Suwizalan, wadda ta yi suna a fagen hawa sararin sama da balan-balan da kuma nutsawa ƙarƙashin teku. A cikin shekaru kusan casa'in, kaka da ɗa da jika sun kafa tarihi ɗaya bayan ɗaya. Auguste Piccard da mataimakinsa su ne mutanen farko da suka shiga rukunin sama na sitiratosfiya a shekarar 1931. Ɗansa Jacques Piccard ya kai wuri mafi zurfi da aka sani a teku a shekarar 1960. Jikansa Bertrand Piccard ya zagaya duniya da balan-balan ba tare da ya sauka ba a shekarar 1999, sannan ya sake zagaya ta da jirgin sama mai aiki da hasken rana tsakanin 2015 da 2016. Akwai kuma reshen iyalin da ya zauna a Amurka, wato Jean Piccard, ɗan tagwayen Auguste, da matarsa Jeannette, da ɗansu Don. Sunan na Faransanci ne, ana furta shi kamar "Pikar", domin ba a faɗin harafin ƙarshe.

Asalin iyalin

Mahaifin tagwayen, Jules Piccard (1840–1933), farfesa ne na ilimin sinadarai a Jami'ar Basel. Ɗan'uwansa Paul Piccard injiniya ne, kuma kamfaninsa na birnin Geneva ne ya tsara injinan juya ruwa na tashar lantarki da ke Niagara a Amurka. An haifi Auguste da Jean a Basel ranar 28 ga Janairu 1884. Dukansu sun yi karatu a babbar makarantar fasaha ta tarayya da ke Zurich, inda Auguste ya bi fannin injiniya da kimiyyar fiziks, Jean kuwa ya bi sawun mahaifinsu a fannin sinadarai. Tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka fara hawa balan-balan, kuma a lokacin yaƙin sun yi aiki a sashen balan-balan na rundunar sojan Suwizalan.

Auguste Piccard da hawa sitiratosfiya

A shekarar 1922 Auguste ya zama farfesan fiziks a jami'ar Brussels da ke ƙasar Beljiyam. Yana cikin masanan da suka halarci tarukan Solvay, har da na shekarar 1927 wanda ya haɗa Albert Einstein da Marie Curie da Niels Bohr. A wurinsa balan-balan kayan aikin bincike ce. Abin da ya ja hankalinsa shi ne wasu ƙwayoyi masu ƙarfin gaske da ke faɗowa duniya daga can cikin sararin samaniya. Iskar da ke kewaye da duniya tana tare mafi yawansu, don haka mai son auna su da kyau sai ya hau sama da mafi yawan wannan iska.

Matsalar ita ce ɗan Adam ba ya rayuwa a wannan tsawo. A nisan kilomita 16 daga ƙasa matsin iska bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na wanda ake da shi a bakin teku ba, kuma ko da mutum yana shaƙar tsantsar oksijin, huhunsa ba zai iya shigar da isasshe cikin jini ba. Wasu daga cikin waɗanda suka gwada hawa a buɗaɗɗen kwando kafin wannan lokaci sun gamu da ajalinsu, kamar Hawthorne Gray, hafsan sojan Amurka da ya mutu a cikin kwandonsa a shekarar 1927. Dabarar Piccard ita ce a rufe matuƙa a cikin ɗaki mai siffar ƙwallo wanda iska ba ta fita daga cikinsa, ta yadda matsin iskar ciki zai kasance kamar na ƙasa. An ƙera ɗakin da goran ruwa, faɗinsa mita 2.1, aka sa masa na'urar ba da oksijin da ta tsotse gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa wajen numfashi. Asusun binciken kimiyya na ƙasar Beljiyam ne ya biya kuɗin aikin, shi ya sa aka raɗa wa balan-balan ɗin suna FNRS, wato haruffan farko na sunan asusun a Faransanci.

Balan-balan ɗin tana iya ɗaukar iskar haidurojin mai yawan kubik mita 14,000, amma ɗan kaɗan aka zuba mata a ƙasa. Dalili shi ne iskar tana kumbura yayin da matsi yake raguwa, saboda haka jakar da ta tashi a yamutse sai ta cika ta zama ƙwallo idan ta isa sama. Ranar 27 ga Mayu 1931 Piccard da mataimakinsa Paul Kipfer suka tashi daga Augsburg a ƙasar Jamus, kuma suka kai mita 15,781. Tafiyar ta zo da matsaloli. Ɗakin ya yi ɗan rami wanda iska ke tsiyaya ta cikinsa, sai da suka toshe shi da basilin da zare. An shafa wa rabin ɗakin baƙin fenti, rabi kuma fari, da nufin a riƙa juya shi don daidaita zafi, amma injin juyawar ya ƙi aiki, zafi ya yi yawa a ciki har ƙishirwa ta dame su. Igiyar buɗe bakin jakar kuma ta harɗe, don haka ba su da ikon sakin iska su sauko. Sai da rana ta faɗi iskar ta huce sannan balan-balan ɗin ta sauko da kanta, bayan kimanin awa 17, a kan dusar ƙanƙarar Gurgl da ke tsaunukan ƙasar Ostiriya. Washegari masu ceto suka same su da rai.

Ranar 18 ga Agusta 1932 Piccard ya sake tashi, wannan karon daga Dübendorf kusa da Zurich tare da Max Cosyns ɗan ƙasar Beljiyam. Sun kai kimanin mita 16,200, suka sauka a arewacin Italiya kusa da tafkin Garda. Rufaffen ɗaki mai riƙe matsin iska, wanda waɗannan tafiye-tafiye suka tabbatar da amfaninsa, shi ne tsarin da jiragen saman fasinja da kumbon 'yan sama jannati suke bi har yau.

Jean da Jeannette Piccard

Jean Piccard ya koyar a Jami'ar Chicago, inda ya haɗu da Jeannette Ridlon (1895–1981), ɗalibar ilimin sinadarai. Sun yi aure a shekarar 1919, suka zauna a Lausanne na wasu shekaru, daga baya suka koma Amurka. Bayan baje kolin duniya na Chicago na shekarar 1933, balan-balan ɗin da aka ƙera domin bikin, mai suna Century of Progress, ta dawo hannunsu. Suka shirya cewa Jean zai kula da na'urorin awo, Jeannette kuwa ta yi tuƙi. Ta koyi tuƙin, ta zama mace ta farko da ta samu lasisin tuƙa balan-balan a Amurka. Samun masu ɗaukar nauyin tafiyar ya yi musu wuya, domin wasu manyan ƙungiyoyi sun ƙi sa hannu a tafiyar da za ta jefa uwar 'ya'ya cikin haɗari.

Ranar 23 ga Oktoba 1934 suka tashi daga Dearborn a jihar Michigan, suka kai tsawon kilomita 17.5, suka ratsa ta saman tafkin Erie, suka sauka kusa da garin Cadiz a jihar Ohio. Da wannan Jeannette ta zama mace ta farko da ta shiga sitiratosfiya. Babu macen da ta wuce wannan tsawo sai bayan shekara 29, lokacin da Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet ta shiga sararin samaniya a 1963.

Daga shekarar 1936 Jean ya koyar a sashen injiniyan jiragen sama na Jami'ar Minnesota. A nan ya fara gwada yin balan-balan da siririyar leda maimakon yadi mai roba, wanda nauyinsa ke hana hawa can sama. A shekarar 1937 ya tashi da gungun ƙananan balan-balan fiye da 90 da aka ɗaure wuri ɗaya. Waɗannan gwaje-gwaje sun share fage ga manyan balan-balan na leda da rundunar sojan ruwan Amurka ta yi amfani da su wajen bincike bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Jean ya rasu a Minneapolis ranar 28 ga Janairu 1963, ranar da ya cika shekara 79.

Jeannette ta yi digirin digirgir a fannin ilimi a Jami'ar Minnesota a 1942, kuma ta yi aikin ba da shawara ga hukumar NASA daga 1964 zuwa 1970. A shekarar 1974, tana da shekara 79, ta shiga cikin mata goma sha ɗaya da aka naɗa limaman cocin Episkofal a birnin Philadelphia, tun kafin majalisar cocin ta amince da naɗa mata. Naɗin ya jawo gardama mai zafi, sai a 1976 majalisar ta amince da tsarin.

Daga sama zuwa ƙasan teku

Tun a ƙarshen shekarun 1930 Auguste ya fara tsara jirgin da zai kai mutum ƙasan teku. Kafin lokacin, William Beebe da Otis Barton sun nutsa zuwa mita 923 a shekarar 1934 a cikin ƙwallon ƙarfe da aka zura da igiyar waya daga jirgin ruwa. Illar wannan hanya ita ce idan igiyar ta tsinke babu dawowa, kuma nauyin igiyar kansa yana ƙaruwa da zurfi. Piccard ya ga cewa za a iya ɗauko dabarar balan-balan a kai ta cikin ruwa. Ya kira jirgin nasa batiskaf, daga kalmomin Girkanci biyu: bathys, mai nufin zurfi, da skaphe, mai nufin kwale-kwale.

Batiskaf yana da sassa biyu. A ƙasa akwai ƙwallon ƙarfe mai kauri inda mutane ke zama. A sama akwai katon tanki cike da fetur, wanda yake matsayin jakar balan-balan. An zaɓi fetur ne saboda ya fi ruwa rashin nauyi, kuma ba ya matsuwa sosai kamar iska. Ƙasan tankin a buɗe yake ga ruwan teku, don haka matsin ciki da na waje daidai suke, kuma bangon tankin ba ya buƙatar kauri. Idan za a nutsa sai a bar ruwa ya cika wasu tankunan iska da ke gefe biyu. Idan za a taso sai a zubar da tarin ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ke cikin rumbuna biyu. Maganaɗisun lantarki ne ke riƙe da ƙwayoyin, saboda haka ko da wuta ta ɗauke, ƙarfen zai zube da kansa jirgin ya taso.

Yaƙin Duniya na Biyu ya dakatar da aikin. An gwada jirgin farko, FNRS-2, a shekarar 1948 a kusa da tsibiran Kef Bad da ke yammacin Afirka. Piccard da masanin halittu Théodore Monod sun nutsa zuwa mita 25 kawai, amma da aka saki jirgin ba kowa a ciki ya kai kusan mita 1,400 ya dawo lafiya. Sai dai igiyar ruwa ta lalata tankinsa. An miƙa jirgin ga rundunar sojan ruwan Faransa, wadda ta sake gina shi da suna FNRS-3. A watan Fabrairu 1954 hafsoshi biyu, Georges Houot da Pierre Willm, suka kai mita 4,050 da shi a tekun da ke gaban Dakar.

A wannan tsakani Auguste da ɗansa Jacques sun samu tallafi daga Italiya, suka gina sabon jirgi mai suna Trieste, sunan birnin da ya taimaka musu. Ranar 30 ga Satumba 1953 uba da ɗa suka nutsa zuwa mita 3,150 kusa da tsibirin Ponza. Auguste yana da shekara 69 a lokacin. Ya rasu a Lausanne a watan Maris 1962.

Jacques Piccard

An haifi Jacques a Brussels ranar 28 ga Yuli 1922. Ya karanta tattalin arziki a Jami'ar Geneva, ya fara koyarwa, sannan ya bar aikin ya koma taimakon mahaifinsa. Kuɗin tafiyar da Trieste ya fi ƙarfin iyalin, don haka a shekarar 1958 suka sayar da shi ga rundunar sojan ruwan Amurka kan dala 250,000, aka ɗauki Jacques a matsayin mai ba da shawara da matuƙi. Kamfanin Krupp na Jamus ya ƙera wa jirgin sabon ƙwallo mai bango da kaurinsa ya kusa santimita 13. Tsawon tankin ya kai kimanin mita 18, yana ɗaukar fetur lita 85,000, ga kuma tan tara na ƙwayoyin ƙarfe.

Ranar 23 ga Janairu 1960 Jacques da Laftanar Don Walsh suka nutsa a Challenger Deep, wuri mafi zurfi a kwazazzabon Mariana da ke yammacin tekun Pasifik, kudu maso yamma da tsibirin Guam. Saukar ta ɗauke su awa 4 da minti 47. A wajen mita 9,000 suka ji ƙara mai ƙarfi wadda ta girgiza jirgin, daga baya suka gano cewa wata taga ta waje, a hanyar shiga, ce ta tsage. Sun ci gaba har ƙasa. Na'urarsu ta nuna mita 11,521, amma da aka gyara lissafin adadin ya koma mita 10,916. Matsin ruwa a wurin ya ninka na iskar bakin teku fiye da sau dubu, wato sama da tan ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Sun yi kimanin minti 20 a ƙasa, kuma laka da jirgin ya tayar ta hana su ɗaukar hoto. Tasowa ta ɗauki awa 3 da minti 15.

Jacques ya ba da rahoton cewa ya ga wani shimfiɗaɗɗen kifi a ƙasan. Masana halittun teku na yanzu suna shakkar hakan, domin binciken baya-bayan nan ya nuna cewa kifi ba ya rayuwa a zurfin da ya wuce mita 8,200 zuwa 8,400, kuma wasu suna ganin wata halitta ce marar ƙashin baya. Babu mutumin da ya sake zuwa Challenger Deep sai bayan shekara 52, lokacin da mai shirya finafinai James Cameron ya nutsa shi kaɗai a watan Maris 2012.

Bayan wannan Jacques ya juya ga jiragen matsakaicin zurfi, waɗanda ake kira mesoskaf. Na farko, wanda ya sa wa sunan mahaifinsa, an gina shi domin baje kolin ƙasar Suwizalan na shekarar 1964 a Lausanne. Shi ne jirgin ƙarƙashin ruwa na farko na 'yan yawon buɗe ido, yana ɗaukar fasinja 40, kuma ya kai mutane kimanin 33,000 cikin tafkin Geneva. Na biyu, Ben Franklin, an gina shi tare da kamfanin Grumman na Amurka. Daga 14 ga Yuli zuwa 14 ga Agusta 1969 Jacques da mutum biyar suka zauna a cikinsa suna bin babban kwararon ruwan ɗumi na tekun Atlantika da ake kira Gulf Stream, daga gaɓar Florida zuwa kusa da Nova Scotia a Kanada, tafiyar fiye da kilomita 2,300. NASA ta sa wakilinta a ciki don nazarin yadda mutane ke zama a ƙuntataccen wuri na tsawon lokaci. Tafiyar ta faɗo daidai da saukar Apollo 11 a duniyar wata, shi ya sa ba ta samu kulawar 'yan jarida ba. Jacques ya ƙare rayuwarsa yana aikin kare tafkuna da tekuna daga gurɓata, kuma ya rasu ranar 1 ga Nuwamba 2008.

Don Piccard

Don Piccard (1926–2020), ɗan Jean da Jeannette, ya yi aikin balan-balan a rundunar sojan ruwan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yana cikin waɗanda suka farfaɗo da hawa balan-balan a matsayin wasa a Amurka bayan yaƙin. Ranar 13 ga Afrilu 1963 shi da Ed Yost suka zama na farko da suka tsallake mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa da balan-balan mai aiki da iska mai zafi. Daga baya ya kafa kamfanin ƙera irin waɗannan balan-balan.

Bertrand Piccard

An haifi Bertrand, ɗan Jacques, a Lausanne ranar 1 ga Maris 1958. Yana yaro iyalinsa sun zauna a Florida saboda aikin Ben Franklin, inda ya kalli harba kumbon Apollo da idonsa. Likita ne na taɓin hankali. A shekarar 1992 shi da Wim Verstraeten ɗan Beljiyam suka lashe gasar tsallake tekun Atlantika da balan-balan.

A shekarun 1990 ƙungiyoyi da dama sun yi takarar zagaya duniya da balan-balan ba tare da sauka ba, ciki har da na Richard Branson da Steve Fossett. Yunƙurin Bertrand na farko a 1997 ya ƙare bayan 'yan awoyi a tekun Bahar Rum saboda yoyon kananzir a cikin ɗakin. Na biyu a 1998 ya ƙare a ƙasar Bama, bayan da izinin ratsa sararin ƙasar Sin bai zo a kan lokaci ba. Na uku shi ne Breitling Orbiter 3, wadda kamfanin Cameron Balloons na birnin Bristol ya ƙera. Tsawonta mita 55 ne idan ta cika. Tana da jakar iskar hiliyom a tsakiya, kewaye da iska mai zafi. Da rana hasken rana ke ɗumama hiliyom ɗin, da dare kuma sai a kunna wutar gas don kada ya huce balan-balan ta sauko. Balan-balan ba ta da sitiyari. Matuƙi yana sauya hanya ne ta hawa ko sauka zuwa inda iska ke kaɗawa ta fuskar da yake so, don haka masana yanayi biyu, Luc Trullemans da Pierre Eckert, suna Geneva suna gaya musu tsawon da za su bi.

Bertrand da Brian Jones ɗan Birtaniya sun tashi daga Château-d'Œx a Suwizalan ranar 1 ga Maris 1999. Sun fara yin kudu maso yamma zuwa arewacin Afirka don su shiga iska mai gudu da ke yin gabas, suka bi ta Larabawa da Indiya da kudancin Sin da tekun Pasifik da Meziko da Atlantika. Ranar 20 ga Maris suka cika zagayen a saman ƙasar Muritaniya, washegari suka sauka a hamadar Masar. Sun yi kusan kwana 20 a sama, suka ci fiye da kilomita 45,000. Daga tan 3.7 na gas da suka tashi da shi, kilo 40 kawai ya rage.

Bertrand ya sha faɗin cewa fargabar ƙarewar gas a wannan tafiya ce ta sa ya ƙudurta sake zagaya duniya ba tare da man fetur ba. Shi da André Borschberg, injiniya kuma tsohon matuƙin jirgin yaƙi, suka ƙaddamar da shirin Solar Impulse a 2003. Jirgin farko ya yi awa 26 a sama a watan Yuli 2010, abin da ya nuna cewa wutar da aka tara da rana tana iya riƙe jirgi har gari ya waye. Jirgi na biyu yana da fukafukai masu faɗin mita 72, sun fi na Boeing 747, amma nauyinsa tan 2.3 ne kawai. Yana ɗauke da faifan sola 17,248 da injinan lantarki huɗu, kuma mutum ɗaya yake ɗauka, saboda haka matuƙan biyu suna karɓa-karɓa. Sun tashi daga Abu Dhabi ranar 9 ga Maris 2015 suka dawo ranar 26 ga Yuli 2016 bayan zango 17. Zango mafi tsawo shi ne na Borschberg daga Nagoya a Japan zuwa Hawaii, awa 117 da minti 52. Batura sun yi zafi sun lalace a wannan zango, abin da ya tsayar da tafiyar wata tara. Bertrand ne ya tuƙa daga Hawaii zuwa California, da daga New York zuwa Seville a Sifen, da zangon ƙarshe daga Alƙahira. A shekarar 2024 ya sanar da sabon shiri, Climate Impulse, na zagaya duniya da jirgi mai aiki da haidurojin ba tare da tsayawa ba.

Yaƙi da cutar noma

Bayan tafiyar 1999 Bertrand da Brian Jones sun kafa gidauniyar Winds of Hope da kuɗin kyautar da suka samu. Gidauniyar ta mayar da hankali kan cutar noma, wadda ke farawa daga dasashi ta cinye naman baki da fuska, musamman a yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa. Sunan cutar daga Girkanci yake, yana nufin cinyewa, ba shi da alaƙa da kalmar Hausa ta aikin gona. Idan an gano ta da wuri ana magance ta da maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki, amma mafi yawan yaran da ba su samu magani ba suna mutuwa. Gidauniyar ta tallafa wa shirye-shiryen rigakafi da horar da ma'aikatan lafiya a ƙasashen yammacin Afirka, ciki har da Nijar da Burkina Faso da Mali. Cutar tana nan a arewa maso yammacin Najeriya ma, inda akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta.

Tasiri da wuraren adana kayan tarihi

Hergé, mai zanen labaran Tintin, ya ce daga Auguste Piccard ya samo siffar Farfesa Tournesol, bayan da ya riƙa ganinsa a titunan Brussels, sai dai ya gajarta shi domin Piccard dogo ne ƙwarai. Sunan Kyaftin Jean-Luc Picard na shirin talabijin na Star Trek shi ma daga tagwayen aka ɗauko shi.

Yawancin jiragen iyalin suna gidajen tarihi. Ɗakin Century of Progress yana gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Chicago. Trieste yana hannun gidan tarihin rundunar sojan ruwan Amurka. Mesoskaf Auguste Piccard yana gidan tarihin sufuri na Lucerne a Suwizalan, Ben Franklin yana gidan tarihin teku na Vancouver a Kanada, ɗakin Breitling Orbiter 3 kuma yana cikin kayan gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na cibiyar Smithsonian a Amurka.